Iska Da Mai: Abin Da Falke Zai Duba Kafin Ya Loda Shanu

Duk wanda ya taɓa loda shanu daga Kolokonde kusa da Jugu, ko daga karar Turu a gefen Paraku, ya san babu abin da yake tsoro kamar mota ta mutu a daji. Buhun masara sai ya kwana uku a bakin hanya ba abin da ya same shi. Amma shanu a tsaye cikin tirela, ba ruwa ba ciyawa, rana na dukansu, kowace sa'a nama ne ke zubewa. Wani ya durƙusa, 'yan'uwa su tattake shi, sai neman wuƙa. To sau da yawa in ka bi sawun irin wannan asara, wuri biyu za ta kai ka: iskar da inji ke shaƙa da man da yake sha.

Inji kamar murhu yake, wuta ba ta ci sai da iska. Lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sosai, injin gas kuwa ya fi haka shaƙa. Duk wannan iska ta cikin filta take bi. Daga Jugu zuwa Paraku kusan kilomita 135 ne, daga Paraku zuwa Kwatano ya haura 400. Babbar hanya kwalta ce, amma hanyoyin shiga kara da rugage jar ƙasa ce, ga ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Da filta ta toshe sai ka ga baƙin hayaƙi, mota ta kasa hawa tudu, direba na ta taka totur, mai na tafiya a banza.

A nan ne wasu ke yin gyaran gangar auzinawa. Sai yaron mota ya cire filtar gaba ɗaya, ko ya huda ta, ko a sa irin buɗaɗɗiyar nan ta motocin tsere, wai don inji ya sami numfashi. Mota takan ɗan wartsake, gaskiya ne. Amma ƙurar da ta shiga tana haɗuwa da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da fistin, ta lalata turbo. Ƙarshenta a sauke inji.

Gyaran da ke da amfani a ƙasarmu shi ne wanda ke rage ƙura tun kafin ta kai ga filta. A ɗaga bututun iska sama da kan mota, nesa da ƙurar taya. A ɗora masa kwanon nan da ke juya iska yana ware tsakuwa da ƙasa. A nemi filta mai ciki biyu. Tsofaffin Marsandi 911 masu filtar da ke zaune cikin mai, a riƙa wanke kwanon ana sake man. Ta takarda kuwa kada a buga ta a jikin taya. A hura ta a hankali daga ciki zuwa waje, a haska tocila, in haske ya ɓullo ta wata kafa to ta gama aiki.

Sai maganar mai. Kowa ya san kpayo, man Nijeriya da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titin Paraku da Jugu. Da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗinsa ya yi tsalle a Benin. Ba duk mai sayarwa ke algus ba, amma man da ya sauya jarka sau da yawa ba ya rasa ruwa da datti. Gas yana da maiƙon da ke shafe famfo da nozul; in an sirka shi da kananzir maiƙon ya ragu, famfo ya ci kansa. Ruwa kuma tsatsa yake jawowa, sababbin motoci masu kwamfuta ma sun fi tsofaffi rashin haƙuri da shi. Fetur mai kananzir a ƙaramar mota ko babur, za ka ji inji na ƙwanƙwasa yana zafi. A Disamba 2016 Benin da Nijeriya da Togo da Gana da Kwaddibuwa sun amince su daina karɓar gas mai yawan farar wuta, wadda ke saurin lalata baƙin mai, amma ai yarjejeniya ba ta leƙa cikin jarka.

Saboda haka Alhaji, tunda dukiyarka ce a bayan motar, kada ka ji nauyin direba. Kafin sa na farko ya hau, a tayar da mota ka dubi hayaƙinta. A buɗe filta ka gani da idonka. In dole ta sa a sayi man bakin titi, a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya kwanta, ruwa da datti ƙasa suke komawa, sannan a tace kafin ya shiga tanki. A tafi da filtar mai ta ko-ta-kwana. In da hali, ka raka shi gidan mai ka biya da hannunka, a cire cikin kuɗin mota. Kuɗin filta da tsabtataccen gas bai kai cinyar sa guda ba.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya sa albarka a fatauci.