Rabi da ninki: lissafin da ke cin riba

Ran 11 ga watan Janairu 1994, a birnin Dakar, aka yi shelar karya darajar kuɗin sefa da kashi 50 cikin ɗari. Mai jin labarin a Yamai yana iya zaton kayan waje za su ƙaru da rabi kurum. Ina! Faran ɗaya na Faransa, wanda ake saye dala 10, sai ya koma dala 20. Kuɗi ya sauka da rabi, kayan Faransa suka ninka. Albashin ma'aikaci kuwa bai ninka ba.

Wannan tarko bai bar Babbar Kasuwa ba. A ce ɗan kasuwa ya sari turmin atamfa jikka 10, ya aza kashi 20, ya zama jikka 12. Mai saye ya nemi rangwamen kashi 20, aka sallama masa, wai an koma uwar kuɗi. Alhali kashi 20 na jikka 12 tamma 2.400 ne, abin da ya shiga aljihu 9.600. An yi hasarar dala 80, ana ta godiya.

Ɗan koleji kan warware matsalar da harafi guda. Ya kira kuɗin da za a yanka wa turmin x. In an cire ɗaya bisa biyar na x, dole saura ya kai jikka 10. Ke nan huɗu bisa biyar na x su ne 10.000, x kuwa 12.500, wato jikka 12 da rabi. Nan ne ya kamata mai atamfa ya soma ciniki.