Neman Sukolashif: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara hukumomin gwamnati da manyan kamfanoni sukan ba da sanarwa cewa ga guraben sukolashif sun samu, duk ɗalibin da ya ga ya cancanta sai ya nema. Wa'adin da akan bayar 'yan makonni ne. Kafin labari ya ratsa daga bakin wannan zuwa kunnen wancan, har ya isa Sabo ta Badun ko Agege ko Idi-Araba, sau da yawa rabin kwanakin sun shige. Sa'an nan ne uba zai aika wa ɗansa da ke jami'a cewa maza ya cika fom. Yaro ya buɗe fom, ya tarar ana neman abubuwan da ba a haɗa su a mako guda: makin shekara biyu ko uku da suka wuce, da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba, da wasiƙar yabo daga malamin da ko sunansa bai riƙe ba. A nan takara take ƙare wa 'ya'yan 'yan Arewa mazauna Kudu da dama, tun ba a kai ga zauren jarrabawa ba.

Dattawa za su tuna cewa a dā ba haka abin yake ba. A zamanin Turawa hukuma ce take bin ɗalibi, domin masu ilmin boko a Arewa ana iya ƙidaya su. Malam Sa'adu Zungur ya zo Babbar Kwalejin Yaba a Ikko cikin 1934, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi London ƙaro ilmin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. A zamanin Sardauna kuwa, da Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan don ta cika ofisoshinta da 'yan ƙasa, yaron da ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako kusan roƙonsa ake yi ya ci gaba. Yau jami'o'in Nijeriya sun haura 250, waɗanda suka yi rajistar jarrabawar shiga jami'a a 2024 kuma sun kusa miliyan 2. Mai bayarwa ya zauna, masu nema ne suke layi.

Guraben da ake rububi a kansu iri-iri ne. Akwai na Hukumar Sukolashif ta Tarayya, wadda take ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi a Abuja, ga ɗaliban da ke karatu a makarantun gwamnati na cikin gida. Ta hannunta kuma ake tsayar da waɗansu masu neman sukolashif na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, wanda aka kafa tun 1959. Akwai na Asusun Raya Fasahar Man Fetur, watau PTDF, wanda aka kafa da dokar soja a 1973, yana tura masu digiri na biyu da na uku zuwa Ingila da Jamus da Faransa da Maleshiya. Gwamnatin Ingila tana da nata mai suna Chevening tun 1983. Akwai kuma na Rhodes, mai kai ɗalibi Jami'ar Oxford, wanda guraben da yake ba Afirka ta Yamma duka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wata ƙofa da 'yan Arewa suka daɗe suna bi, watau yarjejeniyar musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Sin da Maroko da Hungari, ta rufe: bayan ɗaliban da ke can sun sha kukan jinkirin alawus, Ministan Ilmi Tunji Alausa ya sanar a 2025 cewa gwamnati ta daina tura sababbi. Kada kuma mai karatu ya haɗa waɗannan da kuɗin asusun NELFUND da aka soma rabawa a 2024. Wancan rance ne, za a biya.

To, abin da ya kamata iyaye su fara ganewa shi ne yadda jami'a take lissafin maki, gama nan ne tushen kome. A yawancin jami'o'in ƙasar nan ƙololuwar maki 5.00 ce. Wanda ya gama da 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba. Hukumar Tarayya takan nemi 4.00 ga ɗalibin da ke cikin karatu, PTDF kuwa daraja ta biyu babba take sa wa a gaba ga mai son digiri na biyu. Makin nan ba na shekarar ƙarshe ba ne, tarawa ake yi tun daga zangon farko, a raba. A ɗauka yaro ya shiga jami'a, daɗin rabuwa da idon uba ya kwashe shi, ya tashi da 3.00 a shekarar farko. In karatun na shekara 4 ne, kuma nauyin darussan kowace shekara ɗaya ne, sai ya ci 5.00 cif a dukan shekara 3 da suka rage kafin ya taɓa 4.50, watau kada ya kuskure ko da darasi guda. Wannan kuwa sai a tatsuniya. Ashe ke nan yaro ɗan shekara 18 yana iya zubar da sukolashif ɗin da zai nema yana ɗan shekara 24, shi bai sani ba, uban ma bai sani ba. Uban da ya iya riƙe lissafin tirelar albasa daga Aliero har Mile 12 ba zai kasa tambayar ɗansa lamba ɗaya a ƙarshen kowane zango ba.

Sai maganar takardu, wadda ta fi cin 'ya'yan mazauna Kudu. Tun tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi, saboda haka yawancin guraben Gwamnatin Tarayya bisa jiha ake kasa su. Jihar mutum kuwa, a idon doka, ita ce inda iyayensa ko kakanninsa suka fito, ko da a Shagamu aka yanke masa cibiya, ko da Yarbanci ya fi zama a bakinsa. Yaron da aka haifa a Agege, ubansa mutumin Malumfashi, ba zai shiga kason Jihar Ikko ba. Dole ya nemo takardar ƙaramar hukumarsu ta gida, kuma kafin sakatariya ta sa hannu galibi sai mai unguwa ko dagaci ko hakimi ya shaida cewa ya san gidansu. In kakan ya rasu, uban kuma ya shekara 30 bai leƙa garin ba, sai a yi ta kallon-kallo a ƙofar fada. Abin takaici shi ne, wannan yaron da ya yi makaranta a Kudu, ya saba da Turanci da na'ura, da ya sami takardar nan da ya yi takara da ƙarfinsa a kason jiharsu. Magidancin da yake zuwa gida da Sallah shi kaɗai, ya bar yara a bariki don tsadar mota, ya kamata ya sake shawara. Tafiya ɗaya da yaro, a gaishe da dagaci, a karɓi takarda a ajiye, ta wadatar.

Har wa yau akwai rikicin suna. A takardar firamare Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad. Nan an sa sunan uba, can an sa sunan gari. Ranar haihuwa ma wani lokaci biyu ce, domin malamin da ya cika fom ɗin jarrabawa ya ƙaga tasa. A dā akawu yakan duba fuskar mutum ya gane shi ne. Yanzu na'ura mai ƙwaƙwalwa ce take tacewar farko, ita kuwa ba ta san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ba ne. Gyaran yana bukatar rantsuwa a kotu da sa'a da watanni, saboda haka a shekarar farko ta jami'a ake yinsa.

Wanda ya tsallake waɗannan sai ya iske babban shingen, watau rubutu da ganawa. Masu Chevening suna so mai nema ya yi aiki na sa'a 2,800, kimanin shekara 2 ke nan, ya zaɓi kwas uku a jami'o'in Ingila, sa'an nan ya rubuta da kansa inda ya taɓa shugabantar jama'a, da yadda yake hulɗa da mutane, da abin da zai yi wa ƙasarsa in ya komo, domin sharaɗi ne ya komo gida na aƙalla shekara 2. PTDF ma tana neman bayanin manufa a rubuce, mai neman digiri na uku kuma ya kawo tsarin binciken da zai yi, ya tsaya gaban shaihunan malamai ya kare shi. A nan tarbiyyar gida takan yi karo da bukatar masu zaɓe. An hori ɗan Bahaushe da kada ya haɗa ido da babba, kada ya ɗaga murya, kada ya yabi kansa. Hali ne mai kyau, ba wanda zai ce a yar da shi. Amma masu ganawa minti kaɗan gare su, kuma in yaro ya sunkuyar da kai yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya, rashin sani za su rubuta masa. Sau da yawa kuwa yaron yana da abin faɗi. Wanda ya shekara 3 yana koya wa ƙannen unguwa lissafi a Islamiyya kyauta, ko yarinyar da ta riƙe littafin adashin matan gidan haya ba a taɓa samun gardama ba, shugabanci suka yi. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa irin wannan ne ake so a rubuta.

A Amurka jami'o'i da yawa suna da ofis na musamman don wannan aiki kaɗai. Ma'aikatansa sukan gano ɗalibai masu ƙwazo tun a shekarun farko, su nuna musu guraben da suka dace da su, su karanta rubutunsu su mayar musu a gyara sau da dama, su tara malamai a yi musu ganawar gwaji mai zafi kamar ta gaske. Ga irin su Rhodes da Marshall da Truman ma, sai jami'a ta amince da ɗalibi kafin sunansa ya tafi. A yawancin jami'o'in Nijeriya aikin ya rataya ne a wuyan wani malami mai kishi, ko tsofaffin ɗaliban da suka ci suka dawo, suna tara na baya a WhatsApp suna duba musu rubutu don Allah. Ɗalibin da ba ya zuwa ofishin malami sai ranar da aka kafe sakamako ba zai san da su ba. Ranar da ya bukaci wasiƙar yabo kuma, layi uku zai samu, irin wadda ake rubuta wa kowa.

An taɓa ganin sakamakon rashin shiri a fili. A 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙirƙiro sukolashif na Shugaban Ƙasa ga masu daraja ta ɗaya, don a tura su jami'o'i 25 da suka fi fice a duniya, kuma da jarrabawa aka tace su. Da sunaye suka fito aka ga 'yan Arewa ƙalilan ne, sai ƙorafi ya tashi har Majalisar Wakilai, daga bisani shirin ya shiririce. Ƙorafin yana da hujjarsa, amma ihu ne bayan hari: da an tara masu daraja ta ɗaya na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri an yi musu horon wata guda kafin jarrabawar, da wataƙila jerin ya sha bamban. A shekarar nan ta 2012 Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura ɗaliban Kano 501 ƙasashen waje, a 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da gurabe 1,001. Ko a nan gida, abu biyu aka fara tambaya: darajar digiri da shaidar zama ɗan jiha.

Game da 'yan mata kuwa, shirin ya haɗa da magana tun wuri tsakanin iyaye da mai neman aure. An sha ganin yarinya ta ci, takardar tafiya ta zo, sa'an nan a fara taron dangi a kan ko za ta je, har wa'adin karɓa ya wuce a ba wani.

Neman waɗannan guraben kyauta ne. Duk wanda ya tare yaro a shagon intanet ya ce a kawo kuɗi yana da hanya a Abuja, ɗan damfara ne. Amma akwai kashe-kashen da ba makawa: kuɗin fitar da cikakken sakamako daga jami'a, da fasfo, da motar zuwa wurin ganawa, da jarrabawar Turanci ta IELTS ga jami'o'in da ba su karɓi kiredit ɗin WAEC ba, ita kuwa tana da tsada ƙwarai. Waɗannan sun sha tsayar da yaran da suka cika kowane sharaɗi. Fadar Sarkin Hausawa a kowane Sabo, da ƙungiyoyin 'yan kara da 'yan gwari, da kwamitocin masallatai, sun saba tara kuɗi in an yi gobara ko in za a kai gawa gida. Irin wannan asusu zai ɗauki nauyin yara biyar ko shida a shekara ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba, in dai an sami mutum guda mai ilmi da zai riƙe sunayen 'ya'yan unguwa da ke jami'a, da ajinsu, da makinsu, ya kuma riƙa duba sanarwa. Chevening dai takan buɗe a watan Agusta ta rufe kafin ƙarshen shekara. Na PTDF da na Hukumar Tarayya ba su da tsayayyar rana, sai an sa ido a shafunansu na intanet.