Ƙwallon kwando a ƙananan garuruwan Amurka

Ƙwallon kwando wasa ne na hannu. Ƴan lakkol na ce mashi basket. Mutum biyar nan, biyar can. Kowane ɓangare na ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwandon da aka rataya sama, tsawon mita 3 da ɗan ɗori. A Amurka aka ƙago shi, cikin shekara ta 1891.

A can, babbar gasa ita ce NBA. Ita ake nunawa a tele, ƴan wasanta kuma sun yi kuɗi. Amma yau labarin wata ƙaramar gasa za mu karanta. Ƙarama ce a daraja, ko da yake ta girmi babbar da ƴan makonni.

An kafa ta cikin watan Afrilu na 1946, a jihar Pensilbaniya, da ƙungiyoyi 6. Wasu garuruwanta, kamar Hazleton da Wilkes-Barre, garuruwan masu haƙar gawayin ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Anu Araren, wajen Agadas. Talakawa ne masu aikin ƙarfi. Kowane gari na da ƙungiya tasa. Mai ƙungiyar kuwa galibi ɗan kasuwa ne na garin, kowa ya san shagonsa.

Ƴan wasa ana biyan su, amma kuɗin ba ya riƙe gida. Saboda haka kowa na da sana'arsa: wani malamin lakkol, wani ma'aikacin ofis. Ranar Asabar su cika mota, su yi tafiyar awoyi cikin sanyi, su yi wasa da dare cikin zauren wasanni na wata lakkol. Lahadi su yi wani wasan a wani gari. Litinin da safe kowa na wurin aikinsa. Zauren ƙarami ne, ƴan kallo na dab da fili. Wanda ya zubar da ƙwallo zai ji sunansa a bakin tsofaffi!

Kar ku ɗauka raggaye ne. Wajen 1957, ƙungiyoyi 8 kaɗai ke cikin NBA. Gurbi kaɗan, gwanaye da yawa. Ga kuma wariyar launin fata: manyan ƙungiyoyi ba su ɗaukar baƙar fata sai ɗaya-biyu. To, ina sauran za su? Sai ƙaramar gasa. Haka ƙauyawa suka riƙa kallon gwanayen da ƴan birni suka ƙi.

A 1978 gasar ta ɗauki suna CBA, ta bazu cikin ƙasa, har Alaska mai nisa. Ta zama kamar gandun renon itace: nan ake rainon dashe, manya su zo su cira. In ɗan wasan NBA ya ji ciwo, sai a kira wani daga ƙasa, a ba shi kwantaragin kwana 10. Kwana 10 fa! Ko ya nuna kansa ya zauna, ko ya koma. Masu horarwa ma haka. Phil Jackson ya ci kofi da ƙungiyar garin Albany a 1984. Daga baya shi ne ya ci kofin NBA sau 6 a Shikago, tare da Michael Jordan.

Mi ya kashe ta? A 1999 wani tsohon gwanin NBA, Isiah Thomas, ya sayi gasar ɗungum, da ƙungiyoyinta duka, kan dalar Amurka miliyan 10. Masu ƙungiyoyi na garuruwa suka karɓi kuɗi, suka koma gefe. A ganina nan gizo ya yi saƙa. Da, in ƙungiya ta shiga uku, mai ita na nan cikin gari, zai bi ƴan kasuwa ƙofa-ƙofa don kar a ji kunya. Yanzu mai ita na nesa. Shekara guda bayan cinikin, Thomas ya samu aikin horarwa a NBA, ya bar gasar. Kuɗi suka ƙare. Cikin Fabrairu na 2001 aka tsai da wasa, kaka ba ta ko ƙare ba.

Wasu masu kishin garuruwansu sun sake tada ta, ta yi ta ɗingishi. Amma a 2001 ɗin NBA ta buɗe tata ƙaramar gasa, wadda yau ake kira G League, gwanaye suka karkata can. CBA ta yi wasanta na ƙarshe a 2009.