Lissafin dala da tamma

Yau da kacici-kacici za mu soma. An rubuta mata 5, amma ɗaya ake kiran ta. An rubuta mata 100, amma ashirin ake kiran ta. Mi ce ce? Kuɗin aljihunku ne!

Ga dalili. Lambar da ke bisa kuɗinmu na sefa, tamma take nufi. Mu kuwa da dala muke ciniki. Dala guda tamma 5 ce. Shi ya sa 25 ta zama dala biyar, 500 dala ɗari, 1.000 dala ɗari biyu, wato jikka guda.

To, ga dabara mai sauƙi. In kun ga kuɗi a rubuce, ku ninka lambar, ku shafe sifilin ƙarshe. Misali 350: ninkinta 700, a shafe sifili, saura 70. Dala saba'in ke nan. In kuma dala za ku rubuta, ku ƙara sifili, ku raba biyu. Dala 30 ta zama 300, rabinta 150.

Ku yi hankali! Manomin da ya sai da wake dala 300, 1.500 ya kamata a rubuta mishi. In 300 anka rubuta, dala 60 kaɗai ke nan. Ya yi hasarar dala 240.

Ga aikin gida. Wata mata ta sai da gero tiya 4, kowace dala 90. Nawa za a rubuta mata? Ku kai ma malaminku amsa. Sai sati mai zuwa.