Me ya sa RAM ɗin kwamfutar tebur ba ya gudun da aka rubuta a kwalinsa?

A watan Afrilun 2023, kwanaki kaɗan bayan kamfanin AMD ya fitar da furosesar Ryzen 7 7800X3D a kan dala 449, hotuna suka fara yawo a intanet: furosesa sabuwa fil, ƙasanta ya kumbura, gurbinta a jikin babban allon kwamfuta kuwa ya ƙone. Bayan bincike, AMD ya raba wa kamfanonin da ke ƙera allon sabuwar manhajar BIOS wadda ta ƙayyade wutar da ke shiga wani sashe na furosesar, wanda ake kira SoC, kada ta wuce bolt 1.3.

Abin da ya ja hankali shi ne, wannan wuta tana tashi ne a allunan da dama idan aka kunna saitin ƙara gudun RAM, saitin da kusan duk mai haɗa kwamfuta ke kunnawa ba tare da wani tunani ba.

Labarin ya samo asali ne daga wani abu da ke ba masu saye mamaki. Mutum zai sayi RAM nau'in DDR4 da aka rubuta 3200 ko 3600 a kwalinsa, ya saka, ya buɗe Task Manager a Windows, sai ya tarar yana gudu a 2133 ko 2400. Da yawa kan ɗauka mai shago ne ya cuce su. Galibi ba haka ba ne.

Akwai ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan, sunanta JEDEC. Ita ta ajiye gudun da kowane RAM zai tashi da shi lafiya a kowace kwamfuta: DDR4 yana farawa a kusan 2133 da wuta bolt 1.2, DDR5 kuma a 4800 da bolt 1.1. Lambar da ke kan kwali sau da yawa ta wuce wannan ma'auni. Gudu ne da kamfanin ya gwada ya ga katin zai iya, amma da sharaɗin a ƙara masa wuta, yawanci zuwa bolt 1.35. Ana adana wannan saiti a wani ɗan guntu da ke jikin katin, yana nan kwance har sai an tashe shi.

Intel ne ya fito da tsarin a 2007 da sunan XMP. AMD ya kawo nasa, EXPO, a 2022. A wasu allunan ASUS masu furosesar AMD ana ganinsa da sunan DOCP. Kunnawa ba ta da wuya: ana danna Delete ko F2 lokacin da kwamfuta ke tashi, a shiga BIOS, a zaɓi saitin na farko, a adana da F10.

Sai dai a wajen Intel da AMD, wannan tura na'ura ce ta wuce ma'auninta, kuma dukansu sun rubuta cewa garanti ba lallai ya rufe ɓarnar da ta biyo baya ba. Dalili kuwa shi ne abin da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa ne. Idan RAM ya ƙara gudu, dole wannan sashe ya bi shi, sai allon ya ƙara masa wuta da kansa, ba tare da ya tambayi kowa ba. Kalmar Auto da ke gaban lambobin wuta a BIOS ba ta nufin an zaɓi mafi aminci. Tana nufin kamfanin allo ne ya zaɓa, kuma shi burinsa kwamfuta ta tashi ko ta halin ƙaƙa. Shi ya sa mai allon AM5 da bai taɓa sabunta BIOS ba tun farkon 2023 ya kamata ya fara da sabuntawar kafin ya taɓa EXPO. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, wannan aiki na UPS ne ko inbata, don yankewar wuta a tsakiyarsa na iya barin allo ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Bolt 1.35 ga DDR4 ba abin tsoro ba ne, don haka aka ƙera katin. Haɗarin yana wajen mai shigar da lambobi da hannu, wanda ya ga kwamfuta tana gardama sai ya yi ta ƙara wuta. Wuta tana zuwa da zafi, kuma ɗakin tace bidiyo a Kano cikin watan Afrilu ba ɗakin gwajin kamfani ba ne. Idan 3600 ya ƙi zama, saukowa 3200 ya fi ƙara wuta hankali, kuma da ƙyar ido zai ga bambancin a aikin yau da kullum.

Idan an kunna, fuskar kwamfuta ta yi baƙi, kada a yi gaggawa. DDR5 kan ɗauki mintoci yana daidaita kansa a tashin farko. In ta ƙi tashi sam, sai a zare wayar wuta, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na wasu mintoci, saiti ya koma yadda ya zo.

Tashi kuma ba shi ne shaidar lafiya ba. RAM da bai zauna daidai ba yakan yi ɓarna a ɓoye: manhaja ta rufe kanta, fayil ya lalace, bidiyon bikin da aka kwana ana tacewa ya tsaya a rabin fitarwa. Manhajar MemTest86, wadda ake ɗorawa a filashi, tana gano wannan idan aka bar ta ta yi sa'o'i. Kuskure ɗaya tak ya isa a rage gudu. Wanda ya duba da CPU-Z ya ga 1600 kuwa kada ya damu, 3200 ke nan, domin DDR yana aika bayanai sau biyu a kowane bugu.

Akwai kuma waɗanda saitin bai shafe su ba. Kwamfutocin ofis na hannu, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP da suka cika shaguna, galibi babu XMP a BIOS ɗinsu. Haka allunan Intel H410 da B460 ba sa barin furosesar Core i5 ta zubi na 10 ta wuce 2666. Mai irin wannan kwamfuta da ya biya kuɗin RAM mai 3600 ya sayi gudun da ba zai taɓa gani ba. Da kuɗin ya sa a kati biyu masu girma ɗaya, ya saka su a guraben da littafin allon ya nuna, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa, da ya ga bambanci.