Dalilan Da Ke Hana Wanda Aka Zalunta Samun Diyya



Kowa ya san cewa wanda aka ji wa rauni ko aka ɓata wa dukiya yana da hakkin diyya. Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, akwai wuraren da wannan hakki ke faɗuwa, watau abin da malaman fiƙihu ke kira hadar.

Dalili na farko shi ne mutum ya zama shi ya tono faɗan. A cikin hadisi an kawo labarin wani da ya ciji hannun abokin faɗansa, wancan ya fizge hannu, haƙorin mai cizon ya fita, Manzon Allah (S.A.W.) kuwa bai ba shi kome ba. Haka nan ɗan fashin da aka raunata wajen kare kai ba shi da ta cewa.

Na biyu, mai laifi ba ya cin ribar laifinsa. A mazhabar Maliki, wanda ya kashe ɗan'uwansa da gangan ba ya gadon dukiyarsa, balle diyyarsa. In bisa kuskure ne, ya gaji dukiya amma ba ya taɓa diyya.

Na uku ya shafi manoma ƙwarai. Dabbar da ta shiga gona da dare, mai ita zai biya ɓarna, domin tsare ta da dare wajibinsa ne. In da rana ce, manomi ba ya samun kome. Sai dai Mukhtasar na Halilu ya sa sharaɗi: a ce babu makiyayi tare da ita, kuma an sake ta nesa da gonaki. To, a karkara irin ta Dawanau, inda gonar gero ke manne da ta gyaɗa har ba a ga saura, ina nesa da gonaki? Saboda haka da wuya wannan uzuri ya fid da mai shanu a can.

A Ingila kuwa, tun 1964 gwamnati ke biyan waɗanda aka ji wa rauni daga baitulmalinta. Tana iya hana mutum in ya yi jinkirin kai rahoto ga 'yan sanda, ko ya ƙi ba su haɗin kai, ko kuwa shi ma yana da laifin da aka taɓa ɗaure shi a kansa.

A ƙasarmu, sashe na 78 na dokar Final Kod wadda ta fara aiki a Arewa cikin 1960 ya ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Amma fa sai an kama shi, an tabbatar da laifin, sa'an nan yana da abin biya. Ɗan kasuwar da aka tare a hanyar kasuwar hatsi ta Dawanau, ɓarayin suka ɓace, bai tono faɗa ba, bai yi sakaci ba, duk da haka hannu banza zai koma gida.

Fiƙihu bai bar irin wannan giɓi a buɗe duka ba. Diyyar kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinari 1,000, dangin mai laifi na wajen uba ke tara ta cikin shekara uku, in babu su kuwa baitulmali ya ɗauka. Ya kamata masu tsara dokokinmu su duba wannan asali, domin a ware asusun da zai share hawayen wanda ba a gano azzaluminsa ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.