Babban Hutu a Abijan da Magidancin da Ya Haura Arba'in

Idan watan Yuli ya kama a birnin Abijan, an gama jarrabawar BEPC da ta BAC, ruwan babbar damina kuma ya fara sassautawa, sai makarantun boko su rufe har Satumba, a ga Hausawan unguwannin Ajame da Tireshbil suna haɗa kayan 'ya'yansu domin tura su Maraɗi ko Tawa ko Ƙonni, su gai da kakanni, su zauna gaban malamin allo, su kuma gyara Hausar da Faransanci da Julanci suka rinjaya a bakinsu. Tafiyar mota ce mai nisa, gama hanyar jirgin ƙasan da Faransa ta raɗa wa sunan Abijan da Nijar ta isa Wagadugu a 1954, amma ba ta taɓa shiga ƙasar Nijar ba.

Murnar yara a bayyane take. Wanda ya fi damuna shi ne uban da ya raka su tasha, mutumin da yake yaro a rumfar mahaifinsa a kasuwar Tireshbil sa'ad da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ya ga fitinar da ta auku a Abijan a 2011 da idonsa, yau kuma ga shi tsakanin haƙƙi biyu masu nauyi: tsofaffi a gida suna jiran aike, 'ya'ya a nan suna jiran kuɗin littattafai da tufafin makaranta. Malamai sun daɗe suna girmama wannan zango na rayuwa, domin Suratul Ahƙaf ta ambaci shekara arba'in a matsayin lokacin cikar ƙarfi da hankali, kuma a kanta aka aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Amma jiki yana da nasa hisabin. Bayan arba'in gilashin da ke cikin ƙwayar ido yakan fara taurarewa, ya kasa lanƙwasawa don duban abin da ke kusa, shi ya sa za ka ga Alhaji yana nesanta Mus'hafi da fuskarsa yana zargin hasken fitila, alhali tabarau kaɗai yake bukata. Hawan jini ya fi wannan hatsari, saboda yakan shekara da shekaru ba ciwo ba alama yana gajiyar da zuciya da ƙoda, kuma ba a gane shi sai da awo.

A ganina magidanci ma yana da rabo a wannan hutu, ko da na mako biyu ne: ya je a auna jininsa, ya bar wa ƙaninsa rumfa, ya bi 'ya'yansa ya ga mahaifiyarsa tun tana gane muryarsa. Na san hujjar da akan kawo, cewa kasuwar Ajame ba ta hutu, kuɗin Satumba kuma a Agusta ake tara su. Hujja ce ta gaskiya, sai dai ta fi ƙarfi ga wanda ba shi da ƙani ko yaron shago amintacce, kuma mafi yawan masu kawo ta suna da su.